Jagorar Ɗan Kamfani a Kebbi: Daga Ranar Kama Aiki Zuwa Ranar Sallama

A da, saurayin Kebbi da ke son aikin kamfani sai ya ɗaure kayansa ya nufi Bompai ko Sharaɗa a Kano, ko Kakuri a Kaduna. Yanzu aikin ya iske mu har gida. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, harkar casa ta buɗe. Ga kamfanin casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injuna birjik a Jega da Kamba da Yawuri. Bayan su akwai gidajen burodi, gidajen ruwan leda da gidajen bulo, kowanne da leburorinsa.

Sai dai har yau mafi yawan ɗaukar aiki da baki ake yin ta. Wani kawunka ya yi maka magana, manaja ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "To, ka fito gobe da safe." Shi ke nan. Ranar da aka saɓa, babu abin da za ka nuna. Doka kuwa tana da tanadi mai yawa ga lebura, amma da hujja take aiki, kuma hujjar nan kai ne za ka tara ta tun ana zaman lafiya.

Ka fara riƙe wannan: sha'anin ƙwadago a Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1974 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ita ke aiki a Argungu kamar yadda take aiki a Legas. Ka'idojin da kamfani ya manna a bango ko ya buga a ɗan littafi suna da ƙarfi, kuma wajibi ne ka bi su, amma ba su isa su rage maka abin da dokar ƙasa ta ba ka ba. Ƙari dai suna iya yi.

Mataki na farko: gane wa kake yi wa aiki

Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis: mai kula da inji, mai ɗinkin buhu, mai shara, magatakardan sito. Manaja da injiniya da akanta, su yarjejeniyar da suka sa wa hannu ce madogararsu, ko da yake dokokin diyya da fansho sun haɗa da su.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: wa ya ɗauke ka? Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar 'yan dako da masu lodi kai tsaye, sai su bai wa ɗan kwangila ya kawo mutane. Kana shiga ƙofar kamfani kullum, kana shaƙar ƙurarsa, amma a takarda sunan wani ne ubangidanka. Ka tambaya tun makon farko: sunan wane kamfani ne zai fito a alat ɗin albashi? Rubuta sunan, da sunan ɗan kwangilar, da inda ofishinsa yake.

Mataki na biyu: takardar ɗaukar aiki

A nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin a wuce wata 3 da fara aiki. Dole ta ƙunshi sunan mai ɗaukar aiki, sunanka da adireshinka, wuri da ranar da aka ɗauke ka, irin aikin, yawan albashi da yadda ake lissafinsa da lokacin biya, sa'o'in aiki, hutu, abin da ake yi idan ka kwanta ciwo, da tsawon notis ɗin rabuwa. In aikin na ƙayyadadden lokaci ne, a rubuta ranar ƙarewarsa. Dokar ba ta ce sai "ma'aikacin dindindin" kaɗai ba. Ana kiran ka ɗan wucin gadi ko me, idan ka yi wata 3 kana fitowa, takarda haƙƙinka ce.

Na san abin da ke hana mutanenmu tambaya: kunya, da gudun a ce ka cika iyayi, musamman idan mai gidan ɗan gari ne, sa'an mahaifinka, kuna sahu ɗaya a masallaci. To, ba da faɗa ake nema ba. Ka sami manaja lokacin da ba hayaniya, ka gaisa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ina son a taimaka mani da takardar kama aiki, ko don in ajiye saboda banki da iyali." In mai gidan ne da kansa: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, rai na hannun Allah, gara abin da ke tsakaninmu ya kasance a rubuce." Ba wani sabon abu ka kawo ba, Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara ya yi umarni da rubuta bashi, kuma ladan da ka yi aikinsa ba a biya ba tukuna bashi ne.

Idan an ba ka, kada ka sa hannu a tsaye. Ka roƙi kwana ɗaya. Takardar da Turanci take zuwa, saboda haka ka kai wa wanda ya iya karatu kuma ka yarda da shi ya fassara maka layi-layi. Ka lura da wurare uku: albashi, shin jimlar da aka faɗa maka da baki ce ko an rarraba ta zuwa ƙananan alawus-alawus, lokacin gwaji, wata nawa ne, da kuma duk inda aka ce ka yarda da "ka'idojin kamfani". In akwai wannan layin, nemi ganin ka'idojin, domin ka ɗaure kanka da su ke nan. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda, ko takardar ajiye aiki da ba a sa mata kwanan wata ba. Bayan ka sa hannu, karɓi kwafinka, ka ɗauki hotonsa a waya.

Idan an ƙi ba ka fa? Kada ka bar aikin don wannan kawai in kana buƙatarsa. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, tabbatar da ita ce wahala. Sai ka tara wasu shaidu: katin shaidar aiki, hoton rajistar da kuke sa hannu da safe, saƙon waya da heluma ya turo maka na sauyin duti, alat na banki. Ka sayi ƙaramin littafi na ɗalibai, kullum ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka tashi, buhu nawa ka ɗauka in da buhu ake biya. Ko da ajami ne, rubuta.

Mataki na uku: albashi da yanke-yanke

Da kuɗi ake biyan albashi. Mai kamfani ba zai tilasta maka karɓar buhun shinkafa ko tsaki a madadin kuɗinka ba, kuma ba zai gindaya maka sharaɗin sai a shagonsa za ka yi cefane ba. Tazarar biya ba ta wuce wata 1. In ana iya zaɓa, zaɓi banki, domin alat shaida ce da ba ta mantuwa.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar cikin Yulin 2024. Naira 75,000 da Gwamna Nasir Idris ya amince da ita a Oktoban 2024 ta ma'aikatan gwamnatin Kebbi ce, kada ka je wa mai gidan burodi da ita. Ita ma ta 70,000 ɗin tana da togaciya: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin rabin lokaci, ko waɗanda ake biya bisa kamasho ko bisa yawan abin da suka yi, ko aikin da ke bin kaka irin na gona. Wannan togaciyar ta fitar da 'yan dako da yawa, kuma a ganina a nan dokar ta gaza, don su ne suka fi kowa zub da gumi. Amma mai albashin wata a babban kamfani yana ciki.

Sai batun yanka. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Abin nan da ake yi, ka makara minti 10 a zaftare maka dubu ɗaya, buhu ya fashe a raba kuɗin a kan 'yan layi, doka ba ta san da shi ba. Idan ka jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire wani abu daidai misali, amma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tukuna. Abin da aka yarda a cire shi ne irin su haraji, kason fansho, kuɗin ƙungiyar ƙwadago da biyan rancen albashi. Kuma ban da lamarin da doka ta keɓe, jimlar abin da za a cire a wata ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Duk watan da ka ga kuɗinka ya ragu, tambayi kashiya dalili a ranar, ka rubuta amsar.

Akwai wani tanadi da mutane ba su cika sani ba. Idan ka fito aiki lafiya lau aka ce yau babu aiki, sashe na 17 ya ce a biya ka ladan ranar. Ana ɗauke wa mai kamfani wannan nauyi idan an dakatar da kai ne saboda laifi, ko idan wani lamarin gaggawa da ya fi ƙarfinsa ya faru, shi ma na mako 1, sai in jami'in ƙwadago ya ƙara wa'adin, kuma ko a hakan sai an biya ka ladan ranar farko.

Mataki na huɗu: lokaci da hutu

Dokar ba ta yanke sa'o'in aiki na yini ba, ta bar wa yarjejeniya. Duk abin da ya haura sa'o'in da aka amince obataim ne, amma farashinsa ma sai an rubuta, don haka ka nemi a sa shi a takarda tun farko. Wanda ya yi sa'a 6 ko fiye yana da hutun da jimlarsa ba ta gaza sa'a 1 ba. A kowane kwana 7 akwai hutun sa'a 24 a jere. Ba a ambaci wace rana ba, saboda haka batun fita Juma'a da sassauta duti a watan azumi abu ne da za ku zauna da hukumar kamfani ku daidaita, gara ma a jam'i.

Bayan wata 12 kana aiki ba yankewa, kana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa kamfanonin kirki ke ƙarawa. Hutun jinya da albashi yana kaiwa kwana 12 na aiki a shekara, da sharaɗin takardar likita mai rajista. Takardar kemis ba ta wadatarwa.

Ke kuma 'yar'uwa mai tsintar shinkafa ko ɗinkin buhu, sashe na 54 naki ne: mako 6 kafin haihuwa in kin kawo takardar likita, mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata 6 a wurin. Ba a ba ki notis ɗin sallama cikin wannan hutun, kuma bayan kin dawo kina da rabin sa'a sau 2 a yini don shayarwa. Yaro da bai kai shekara 15 ba kuwa ba a ɗaukar sa aiki a masana'anta sam.

Mataki na biyar: tsare jiki, da abin yi idan tsautsayi ya faɗa

Dokar Masana'antu ta ɗora wa mai kamfani yin rajistar wurin, rufe sassan inji masu haɗari, samar da iska da haske da ruwan sha da makewayi, akwatin taimakon gaggawa, kayan kariya, da hanyar fita idan gobara ta tashi. Ba a kulle ƙofa ta yadda na ciki ba za su iya buɗewa ba, ko da dutin dare ne. A injin casa, abubuwa uku suka fi cin mutane: bel da ba a rufe ba, tukunyar tururi, da ƙurar buntu mai taruwa a ƙirji a hankali. Kai ma da naka nauyin. In an ba ka takunkumi da safar hannu da takalmi, sa su, ko da zafin Afrilu ne. Kuma babbar riga da rawani ba kayan tsayawa kusa da bel ba ne.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta kafa asusu a ƙarƙashin hukumar NSITF. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne ya cire daga naka. Asusun yana ɗaukar rauni a wurin aiki, cutar da aiki ya jawo, lalacewar ji saboda ƙarar inji, har da haɗarin da ya same ka a kan hanyarka tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyan sa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. In rai ya yi halinsa, iyali ke karɓa.

Wa'adi ne ke kayar da mutane a nan, don haka bi a hankali. Da farko a je asibiti, ba gidan mai ɗori ba, ko da daga baya za a je can, saboda rahoton likita shi ne ginshiƙin neman diyya. Ajiye kati da rasit da hoton ƙashi. Sannan sanar da kamfani cikin kwana 14, kai ko wani naka, a rubuce, da bayanin lokaci da wuri da yadda abin ya faru. Kamfani yana da kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF. Ita kuma takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara 1. Rubuta sunayen abokan aikin da suka ga abin da idonsu. Bayan mako biyu ka je ofishin NSITF da kanka ka tambaya ko rahoton ya iso.

Za a zo duba ka, a kawo lemo da ɗan kuɗi a ambulan, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu musu, kuma karɓar kyautar ba laifi. Amma in aka miƙo takardar yafe haƙƙi, kada ka sa hannu. Dokar da kanta ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi ta barin diyyarsa ba ta da inganci.

Fansho a taƙaice: a ƙarƙashin dokar 2014, kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye yana zuba kashi 10, kai kana zuba kashi 8, cikin asusun da ke ɗauke da sunanka. In ana cirewa amma wata ya wuce ba ka ga saƙon shigar kuɗi ba, tambayi kamfanin fanshonka, in ba a gyara ba ka rubuta wa hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom.

Mataki na shida: takardar tuhuma da sallama

In an ba ka takardar tuhuma, karɓa. Ƙin karɓa ba ya goge ta, ƙara maka laifi yake yi. Amsa a rubuce cikin lokacin da aka ba ka, a taƙaice, cikin ladabi, abin da ya faru kawai, ka riƙe kwafi.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin notis, kuma ya hau kan ɓangarorin biyu: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Notis na mako 1 ko fiye dole ya zama a rubuce. Ana iya biyan kuɗi a madadinsa, kuma in takardarka ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Kai ma kada ka ɓace ba sallama don damina ta faɗi gona na kira, wannan yana ba kamfani hujja a kanka. Babban laifi irin sata yana iya jawo kora nan take, amma shiga ƙungiyar ƙwadago ba laifi ba ne, sashe na 9 ya hana korar mutum saboda ita.

Idan rage ma'aikata za a yi saboda kasuwa ta faɗi, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, a bi tsarin na baya-bayan shigowa shi ne farkon fita, tare da duba ƙwarewa, kuma a tattauna kuɗin sallama. Kafin ka miƙa katin shaida, zauna ka yi lissafi: albashin da ya rage, obataim, hutun da ba ka ci ba, kuɗin notis, kason fanshon da ba a zuba ba.

Mataki na bakwai: inda ake kai ƙara

Fara daga ciki. Rubuta wa manaja gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗi adadin kuɗin da kake bi da dalili, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. In kuna da ƙungiya, sa wakilinku a gaba. Shigo da dattijo ko limami ko hakimi ya sasanta abu ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi sauri, amma duk abin da aka cim ma a rubuta shi da ranar biya da sa hannun shaidu.

In hakan bai yi ba, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Birnin Kebbi. Jami'anta na da ikon gayyato mai kamfani, su shiga masana'anta su duba takardu, su zaunar da ku sulhu. Je da kwafe-kwafe, asalin takardunka su zauna a gida. Reshen jiha na ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC, ma wuri ne na neman shawara.

Mataki na ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya keɓe mata shari'un ƙwadago, don haka kai irin wannan ƙara kotun majistare ko kotun shari'a ɓata lokaci ne, haka ma ofishin 'yan sanda in dai bashin albashi ne. Kotun tana da reshe a Sakkwato, kuma tana da sashen sulhu da alƙali kan iya tura ku. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, musamman a kan batun diyyar rauni. In ku da yawa ne abu ɗaya ya shafa, ku haɗu ku ɗauki lauya ɗaya ku raba kuɗin, kowa ya zo da takardunsa a jere bisa kwanan wata. Kuma kada a jinkirta: abokan aikin da za su ba da shaida kan watse da zarar kaka ta wuce, wasu su koma fadama, wasu su tafi ci-rani.